Hukuma a Bakin Zaure: Tarihin Kare Yara a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san cewa zaure shi ne iyakar baƙo. A nan ake yin sallama, a nan ake shimfiɗa wa mutum tabarma, a nan ne kuma dogari ko ɗan doka ko mai karɓar haraji yakan tsaya ya jira fitowar maigida. Abin da ke bayan zaure kuwa, watau mata da yara da rumbu da murhu, wannan sha'anin maigida ne, babu baligin da zai leƙa sai da izninsa. Tambayar da wannan lacca ta ɗauko ita ce: yaushe hukuma take da ikon ƙetare zaure saboda yaro, ta wace hanya kuma take ƙetarewa?

A Ingila da Amurka amsar tana hannun kotu. Ma'aikacin jin daɗin jama'a yakan kai rahoto, joji ya saurari iyaye, sa'an nan ya ba da umurni a bar yaro a gidansu bisa sharaɗi, ko kuwa a ɗauke shi a danƙa wa wani. An rubuta wa ƙasar nan irin wannan tsari fiye da sau ɗaya. Amma ranar da yaran ƙasar Anka da Bukkuyum suka fi bukatar a ƙetare zaure dominsu, watau lokacin annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta faɗa wa Tungar Daji da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita, wata hanya dabam aka bi. Dalili kuwa shi ne, dokokin da aka gada da waɗanda aka aro duk sun ɗauka cewa mai cutar da yaro mutum ne na cikin gida, uba ko uwa ko mariƙi, saboda haka makamin da suka tanada shi ne raba yaro da wannan mutum. Ba su yi tanadin ranar da cutar za ta kasance a cikin ƙasar tsakar gida ba, balle ranar da mai sakacin zai zama ita hukumar da kanta.

Riƙo, Hadana da Zauren Alƙali

Kafin a zo ga alƙali ya kamata a fara da dangi, domin su ne hukumar farko a kan yaro. A al'adar Hausa yaro ba na mahaifansa su kaɗai ba ne. Ɗan fari, wanda uwa take jin kunyarsa har ba ta kiran sunansa, sau da yawa a hannun kaka yake tashi. Bayan yaye akan ba gwaggo ko inna, ko wata 'yar'uwa da Allah bai ba haihuwa ba, ta riƙe yaro har ta aurar da shi. In uwa ta rasu ta bar jariri, kafin a share makoki an san wadda za ta ɗauke shi. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta aurar da su. Wannan tsari na riƙo shi ya ɗauke wa ƙasar Hausa bukatar gidan marayu zamani mai tsawo. Yana da nasa aibi, don ba kowane ɗan riƙo yake samun abin da ɗan ciki yake samu ba. Tatsuniyoyin marainiya da kishiyar uwa ba daga sama suka faɗo ba.

A bisan al'ada kuma akwai Shari'a. Ƙasar Zamfara ta daɗe da sanin littattafan fiƙihu. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a cikinta tun kafin jihadi, bayan jihadi kuma, sa'ad da Anka ta zama mazaunin Sarkin Zamfara a ƙarƙashin Sakkwato, littattafan da alƙalai suke hukunci da su su ne na mazhabar Malikiyya, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim. Waɗannan littattafai sun raba haƙƙin yaro gida biyu. Ciyarwa da tufatarwa da waliccin aure da kula da dukiya suna wuyan uba. Hadana kuwa, watau haƙƙin riƙon yaro da renonsa bayan rabuwar aure ko mutuwa, ta uwa ce, ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta tare a gidan miji. In uwa ta auri wani bare, haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta, daga nan ga 'yar'uwarta, sai an wuce dangin uwa sa'an nan a zo ga kaka ta wajen uba, daga bisani shi uban. An kuma gindaya wa mai riƙo sharuɗɗa: hankali, da iya ɗawainiya, da amana, da wurin zama mai tsaro musamman ga 'ya mace, da kuɓuta daga cuta mai cutarwa irin kuturta.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, abin da littafi ya faɗa da abin da ake yi a gari ba su cika haɗuwa ba. A ƙauye, da zarar an yaye yaro uba yakan aiko a ɗauke shi, ita kuwa bazawara, don kunya ko don rashin sani ko don gudun kada a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, sai ta haƙura. Na biyu, alƙali mai jira ne. Yana zaune a zaurensa sai mai ƙara ya zo, yaro kuwa ba ya kai ƙara. In babu babban da ya tsaya masa, maganarsa ba ta isa gaban shari'a ba.

Wuri biyu ne aka ɗora wa hukuma ta motsa da kanta. Ɗaya shi ne dukiyar maraya: Muhtasar ya tsara cewa sabon alƙali, in ya gama duba waɗanda ke tsare a kurkuku, abin da zai bi baya shi ne binciken wasiyyai da dukiyar yara. Ɗayan kuma shi ne tsintaccen yaro, wanda ɗaukarsa farilla ce a kan jama'a, ɗa ne ba bawa ba, ciyar da shi kuma yana kan Baitulmali in ba shi da komai. Ashe ke nan tun kafin Bature ya zo an san cewa yaron da ba shi da kowa na hukuma ne. Abin da ba a saba da shi ba shi ne hukuma ta shiga tsakanin yaro da ubansa mai rai.

Zuwan Turawa

Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga watan Maris 1903, Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'en Sakkwato. Gwamna Lugga ya bar wa alƙalai sha'anin aure da gado da riƙo. Inda gwamnatinsa ta fara sa hannu a kan yara shi ne wajen bauta. Dokar 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga ran 1 ga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Yaran da aka ƙwace a hannun fatake, in ba a gano danginsu ba, kotu takan aika da su gidajen 'yantattun bayi da aka buɗe a Zungeru da Barno wajen 1904, ko kuwa ta danƙa su riƙo ga akawuna da sojoji da masu mishan. A 1909 aka kwashe na Zungeru zuwa gidan da mishan ta buɗe a Rumasha a bakin Binuwai. Galibin waɗannan yara daga wajen Adamawa da iyakar Kamaru aka sato su, kuma babu shakka an cece su daga mugun hali. Duk da haka darasin da jama'a suka ɗauka shi ne, yaron da ya shiga hannun gwamnati yakan fito da wani suna da wani harshe, wani lokaci da wani addini. Da aka zo ɗibar yara makarantar boko, ana yanka wa hakimi adadin da zai kawo, wannan tsoro ne ya sa iyaye suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Masu yi wa tsoron dariya sai su tuna cewa a 2008 gwamnatocin Ostireliya da Kanada duka biyu sun nemi gafarar 'yan asalin ƙasashensu saboda yaran da aka raba da iyayensu da sunan gyara su.

A can Ingila kanta abin sabo ne. Sai a 1889 aka yi dokar da ta ba ɗan sanda ikon shiga gida da takardar kotu ya ɗauke yaron da ake azabtarwa, kotun yara kuwa sai a 1908. Dokar Ingila ta 1933 ita aka kwafo aka yi wa Ikko a 1943, saboda yaran da ke kwana a kasuwa da 'yan mata masu talla waɗanda suka dami Turawan birnin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jihar Arewa ta yi tata a 1958. Dokar ta kasa yaran da za a kawo gaban kotu kashi uku: wanda ya yi laifi, da wanda ya gagari iyayensa, da wanda yake bukatar kulawa da kariya, kamar maraya marar mariƙi ko wanda iyayensa suka wofintar. Kotu tana iya danƙa shi ga wani amintacce, ko ta sa ma'aikaci ya riƙa sa masa ido, ko ta tura shi gidan horo. Daga wannan tsari ne aka sami gidajen tsare yara a manyan garuruwa da makarantar horon kangararru ta Kakuri a Kaduna.

Wannan doka ta birni ce, idonta kuma a kan yaron titi yake, wanda ya riga ya fito daga gida. Ma'aikatanta 'yan kaɗan ne, a manyan garuruwa suke zaune. Manomin da ke wata tunga a dajin Anka yana iya haihuwa ya aurar bai taɓa jin labarinta ba. Da aka karɓe kotuna daga hannun En'e a 1968 aka mai da su kotunan yanki, sha'anin riƙon ɗan Musulmi bai sake ba, tsarin mulkin 1979 da na 1999 kuma duk sun bar shi a ƙarƙashin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Dokar 2003

Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijeriya ta amince da ita a 1991, a 2003 kuma Shugaba Obasanjo ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Yara. Ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana aurar da shi, ta kafa kotun iyali, ta kuma ba wannan kotu ikon ba da umurnin riƙo da na sa ido da na gaggawa, kusan kamar yadda suke a dokar Ingila ta 1989. Sai dai tsarin mulki bai sa sha'anin yara cikin abin da Majalisar Tarayya take yi wa jihohi doka a kai ba, saboda haka dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta karɓe ta.

Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, ta riga ta kama wata hanya. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba 1999, dokar laifuffuka ta fara aiki a Janairun 2000, aka kuma kafa hukumar zakka da waƙafi wadda tallafa wa marayu yake cikin aikinta. Dokar 2003 kuwa malamai da 'yan majalisa a yawancin jihohin Arewa suka ƙi ta, saboda maganar shekarun aure da maganar mai da ɗan wani ɗanka na gado, wanda Shari'a ta hana. Gardamar ta tsaya a kan waɗannan sassa biyu shekara da shekaru, sauran dokar, wanda ya shafi lafiyar yaro da abincinsa da hana shi aiki mai haɗari, ya zauna a aljihun tebur tare da su.

Shekarar Dalma

Hanyar motar da ta taso daga wajen Gusau ta ratsa Anka ta nufi Gummi tana bi ta ƙasar noma ce, ta gero da dawa, amma a ƙarƙashinta akwai zinariya, an kuma daɗe ana tonon ta kaɗan-kaɗan da rani. Abin da ya sake shi ne kuɗi. Farashin oza ɗaya a kasuwar duniya ya tashi daga ƙasa da dala 900 a ƙarshen 2008 zuwa sama da dala 1,200 a tsakiyar 2010. Manoma suka dunguma ramuka, suka kuwa dace da wata jijiyar dutse wadda zinariyarta a cakuɗe take da dalma mai yawan gaske, dangin dutsen da ake yin kwalli da shi.

Yadda ake aikin shi ne tushen masifar. Maza su haƙo dutse su kawo gida a buhu, a farfasa da guduma, a kai injin niƙa, wani lokaci shi ne dai injin da ake niƙa hatsi da shi, ko kuwa mata su daka a turmi. Sa'an nan a wanke garin, a kama zinariyar da zaiba, abin da ya rage a shanya a tsakar gida don a sake wankewa. Matar kulle, wadda ba ta zuwa rami, ta sami sana'ar da ta fi ƙuli-ƙuli da fura riba ba tare da ta fita ba. Ƙurar kuwa ta bi ɗaki da randa da kwanon tuwo. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki, cikinsa kuma yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar na abin da cikin babba yake tsotsewa. In ta yi yawa a jini sai ta kumbura ƙwaƙwalwa: amai, jijjiga, suma, mutuwa.

A watan Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka fito bin sawun sanƙarau, suka ji labarin ƙauyukan da yara suke mutuwa babu ƙaƙƙautawa. An ba da maganin zazzaɓin sauro, an ba da na sanƙarau, duk a banza, sai da aka aika da jini Turai sa'an nan aka gane dalma ce. A watan Mayu masana daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da ma'aikatan lafiya na tarayya da na jiha, suka bi gida-gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. A gidaje 119 sun ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga cikinsu sun rasu cikin wata goma sha biyun da suka wuce, watau ɗaya cikin huɗu. Daga cikin rayayyun da aka auna, kashi 97 cikin ɗari suna da dalma a jini da ta kai mikrogiram 45 a desilita ko fiye, wanda shi ne ma'aunin da likita yake fara ba da maganin fitar da ita. Wasu sun haura 400. Ƙasar da Amurka take ɗauka mai haɗari ga wurin wasan yara a lokacin ita ce mai dalma kashi 400 cikin miliyan, a wasu wurare a waɗannan ƙauyuka an auna fiye da 100,000. Kimanin kashi biyu cikin uku na gidajen a cikin gida suke sarrafa dutsen. A watan Yuni gwamnati ta ba da sanarwar mutuwar mutum 163, yara 111 a cikinsu. Daga baya aka ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400 ko fiye.

To, a nan ne ya kamata mai nazarin shari'a ya dakata. In da za a bi dokar 1958 ko ta 2003 baƙi da baƙi, kowane ɗaya daga cikin yaran nan yaro ne mai bukatar kariya, gidan da yake ciki shi ne yake kashe shi, hannun da ya kawo gubar kuma na ubansa ne da uwarsa. Wa za a gurfanar? Gari guda? Ina gidan marayun da zai ɗauki yara dubbai? Kuma da wane laifi, alhali uwar da ta daka dutsen don ta ciyar da ɗan ta daka? Sharuɗɗan hadana ma ba su kama kowa ba, domin iyayen nan masu hankali ne masu amana, ba su san abin da ke cikin ƙurar ba. An riga an ga alamar abin da barazana za ta haifar, don da farko wasu magidanta sun ɓoye mace-macen saboda tsoron kada a hana su haƙa.

Saboda haka aka bi ta fada. Sarakunan Anka da Bukkuyum da hakimai da masu gari da limamai su suka isar da magana, suka ba da umurni a fitar da injuna da aikin dutse bayan gari. A watan Yuni aka buɗe ɗakunan jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka, inda ake ba yara wani magani mai suna DMSA wanda yake kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Da farko kwana 28 yaro yake yi a kwance, uwarsa tana tare da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: matar aure ta bar ɗakinta wata guda, da damina, ta bar sauran 'ya'ya da girki, duk da yardar miji. An fitar da yaro daga gida mai haɗari kamar yadda umurnin kotu zai yi, amma ba a raba shi da mai hadanarsa ba. Daga baya, da yaran suka fi ƙarfin gadajen asibiti, aka koma ba da maganin kwana 19 a ƙauyukan, uwa tana ba ɗanta da hannunta.

Likitocin sun kafa sharaɗi guda mai tsanani: ban da yaron da ke bakin mutuwa, ba za su fara magani a ƙauyen da ba a tsabtace ba, domin wanke jinin yaro a mai da shi cikin ƙurar da ta sa masa cutar aikin banza ne. Ke nan maimakon a ɗauke yaro daga gida, sai a ɗauke gubar daga gidan. Wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics da cibiyar Blacksmith su suka tsara aikin tare da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, leburorin kuwa 'yan garin ne. Maigida ya ba da izni, a fitar da kaya, a kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna kimanin santimita biyar da fartanya da shebur, a ɗura a buhu a kai ramin da aka tanada a bayan gari, a auna da na'ura, sa'an nan a zubo sabuwar ƙasa. An gama Dareta da 'Yargalma kafin ruwa ya kankama a 2010. Daga Oktoban wannan shekara zuwa Maris 2011, da kuɗin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi Abare da Tungar Guru da Sunke da Duza da Tungar Daji. Mace-macen suka ragu ƙwarai cikin 'yan watanni.

Bagega

Saura Bagega, wadda ta fi duk sauran girma, inda kuma babban filin niƙan dutse yake. Kuɗin agaji ya ƙare kafin a kai gare ta. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin bai fito ba, yara kimanin 1,500 suna zaune cikin gubar, likitoci kuma ba su da damar fara magani. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a farkon 2012. A watan Mayu na wannan shekara aka yi babban taro a Abuja a kan matsalar, ministocin ma'adinai da muhalli da lafiya babu wanda ya halarta. Sai a Janairun 2013, bayan matasan ƙungiyar Follow The Money sun cika intanet da kiran a ceci Bagega, Shugaba Jonathan ya saki kuɗin. Aikin da aka jira shekara biyu aka gama shi cikin 'yan watanni. Jimillar abin da aka kwashe a ƙauyukan takwas ta haura kubik mita 27,000 na ƙasa, daga gidaje da wuraren aiki 820.

Wannan jinkiri shi ne sakacin da ya fi cancantar a kai gaban shari'a a cikin labarin nan duka, shi ne kuma wanda doka ba ta buɗe wa ƙofa sosai ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce ma'adinai na Tarayya ne, yaro na jiha ne, kowane ɓangare ya sami inda zai nuna da yatsa. Sashe na 17 ya ɗora wa hukuma kare yara daga ci da gumi da wofintarwa, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika shi. Uban da ya ƙi ciyar da ɗansa alƙali yana iya tilasta masa cikin zama ɗaya. Gwamnatin da ta riƙe kuɗin ceton yara 1,500 kuwa, abin da ya motsa ta shi ne jin kunya.

Bayan an Kwashe Ƙasa

Haƙar zinariya ba ta tsaya ba, don talaucin da ya kai mutane rami yana nan, wasu gidajen ma sun sake gurɓata. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara aƙalla 28. A watan Afrilu 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya, wannan karo saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage hanin ba sai a Disambar 2024. A cikin wannan tsakani an ga hukuma ta shiga sha'anin yara da ƙarfi a wasu wurare: 'yan sanda sun fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 suka fito da mutum kusan 300, manya da yara, suka yi haka a Daura da Katsina wata guda bayan nan, a 2020 kuma gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a mota suna mai da su jihohinsu saboda annobar korona. A shekarun da suka biyo baya jihohin da suka ƙi dokar 2003 suka riƙa yin nasu ɗaya bayan ɗaya, galibi da sunan dokar kare yara, bayan an daidaita sassan da aka yi gardama a kansu.

Maganin DMSA yana fitar da dalma daga jini, amma ba ya mai da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Daga cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda suka makance, da waɗanda suka shanye, da masu yawa waɗanda lahaninsu ba ya bayyana sai an sa su karatu. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a ƙasar Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kai 200, dubbai suka yi gudun hijira. A watan Fabrairu MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin jiha, bayan ta auna yara 8,480, ta ba 3,549 daga cikinsu maganin. A watan Agusta Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a kan dokar kare yara ta Jihar Zamfara, shekara 19 bayan ta tarayya. A ranar da aka sa hannun, yaran da aka fara ɗibar jininsu a Dareta da 'Yargalma cikin watan Mayun 2010 suna tsakanin shekara 12 da 17.